Maƙwabtana a Harobanda

Barira, kin tambaye ni a waya
ko na yi abokai a Yamai.
Na ce eh, na tsaya tunani,
katin ya ƙare kafin in ƙirga miki su.
To ga su a takarda.

Na farko damo ne.
Yana zaune ƙarƙashin wata matacciyar firji
a bayan shagona,
wadda mai ita ya ce gobe zai dawo,
yau wata bakwai.
Da hantsi yakan fito ya shimfiɗa ciki bisa bulo,
ya dube ni da ido guda
kamar mai gida ya zo karɓar haya.
Da a Funtuwa ne, da yara sun jefe shi tuni.
Nan kuwa shi ne ɗan gari,
ni nake kauce masa in zan ɗauki sifana.

Jemagu ba su san da ni ba.
Da magariba, in na hau kadarko da kekena,
sukan taso daga itatuwan cikin gari
kamar an zazzage buhun gawayi a sama,
su ƙetare kogi, ba mai tsayar da su.
Ni sai in taɓa aljihun gaba
in ji ko takarduna na nan.

Talatar da ta wuce Saini mai kwalekwale ya zo,
wai injin ban ruwan ƙanensa ya ƙi tashi
can a lambun tsibiri.
Na ce ni firji na sani.
Ya ce inji ai inji ne.

Muna tsakiyar ruwa ya janye filafili,
ya ɗora yatsa a leɓe.
Na duba gaba, na ga dutse.
Sai dutsen ya yi kunnuwa.
Kunnuwan suka karkaɗa,
hanci biyu suka feso ruwa,
ƙanana-ƙananan idanu suka tsaya a kaina.

Dorina, Barira.
Ba ta tatsuniyar Goggo Delu ba,
mai numfashi, mai wari kamar danƙararren taɓo.
Duk karatun da aka ɗura mana a zaure ya watse,
Fatiha ma rabi na samu,
na riƙe jakar kayan aiki a ƙirji
sai ka ce sukudireba zai cece ni.

Saini ya yi mata Zabarmanci,
sannu-sannu, kansa a ƙasa,
yadda ake gaida suruka.
Ta yi hamma.
Wallahi firjin nan ta bayan shago
za ta shige bakin har da damon.
Sannan ta nutse, ba gaggawa,
ruwa ya rufe kamar ba a yi ba.

Sai da muka taka tudu na sami murya.
Na ce, me ka gaya mata?
Ya ce, cewa na yi baƙo ne,
bai san hanya ba,
abinci ya fito nema,
kamar ke da kike shigar mana shinkafa da dare.

Injin, fulogi ne kawai ya yi datti.
Aka biya ni da kabewa biyu da damin latas.
Na ce a komo da ni ta inda ruwa bai da zurfi,
suka yi ta dariya har da tari.

Da na iso shago rana ta karkata,
mai gidan yana bisa bulonsa.
Na ce masa fofo.
Ya ɗaga kai sau biyu, ya koma barcinsa.

Ki gaya wa Inna ina da mutane a nan,
ina ci, ina sha, ana dubana.
Zancen kogin ki bar shi tsakaninmu.